"Kin gane?": Tambayoyi da amsoshi kan yadda likitoci ke auna fahimtar mata game da sankarar mama da gwajinta

Tambayar da aka fi yi a ɗakin ganin likita ita ce wadda ta fi ƙarancin amfani: "Kin gane?" Amsarta guda ce, "E, Likita, na gane." Wadda ta gane haka za ta ce. Wadda ba ta gane ba ma haka. Wadda kunnenta ya toshe tun lokacin da aka ambaci kalmar sankara, ita ma kai za ta gyaɗa ta ɗauki jakarta ta fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kimanin miliyan 2.3, kuma wajen 670,000 sun rasu sanadiyyarta. Kowace daga cikin waɗanda aka gano wa cutar ta zauna gaban wani ma'aikacin lafiya ya yi mata bayani. Ga tambayoyin da ake yawan yi kan abin da ke faruwa a wannan zama.

Me ya dami likita da fahimtata? Ba nasa ya faɗa, nawa in bi ba?

Da a ce maganin allura ɗaya ce a yi a tashi, da an yarda da wannan. Amma jinyar sankarar mama doguwar tafiya ce, kuma mafi yawanta mace ita kaɗai take yi, ba likita a gefenta. Ita za ta dawo karɓar sakamako. Ita za ta zaɓa, idan akwai zaɓi, tsakanin a cire ƙarin kaɗai ko a cire maman gaba ɗaya. Ita za ta ci gaba da zuwa kemo, wato karɓar magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin sankara, ranar da jikinta ya ƙi. Idan sankarar irin mai amsa estorojin ce, wato wani sinadari na jikin mace, ita za ta riƙa shan ƙwaya kamar tamozifen kullum har shekara biyar, wani lokaci goma, alhali ba ta jin ciwon komai. Wadda ba ta san dalilin shan ƙwayar ba, a wata na huɗu za ta ajiye ta, kuma ba taurin kai ba ne.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shiri na musamman kan wannan cuta da buri uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari na masu cutar tun tana mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala binciken tabbatarwa cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kuma aƙalla kashi 80 cikin ɗari su kammala jinyarsu. Na'ura kaɗai ba ta cika ko ɗaya daga cikin ukun. Sai macen ta san me ake nema da ita.

Ta fuskar doka ma abin ya wuce ganin dama. A Birtaniya, tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Montgomery a 2015, wajibi ne likita ya sanar da majinyaci duk haɗarin da mutum mai hankali a matsayinsa zai ɗauka da muhimmanci, da sauran hanyoyin jinya da ake da su. Sa hannu a takarda bai isa ba.

To a zahiri, da me likitoci ke aunawa?

Galibi da ido. Likita yana kallon fuska, da shiga, da irin kalmomin da mace ke amfani da su, da aikin da ta ce tana yi, sai ya yanke a ransa cewa wannan ta gane, waccan sai an sauƙaƙa mata. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuska tana yawan ba da labarin ƙarya. Binciken da aka yi a asibitoci daban-daban ya nuna cewa likitoci sun fi karkata ga zaton majinyaci ya fahimta fiye da yadda ya fahimta a gaskiya. Malamar jami'a tana iya kasa riƙe ko jimla ɗaya ranar da aka ce mata an ga wani abu a hotonta. Wadda ba ta taɓa shiga aji ba kuma tana iya maimaita komai dalla-dalla, saboda ta saba ajiye magana a ka.

Wani bincike da Dean Schillinger da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 ya naɗi muryar likitoci suna ganin masu ciwon sukari a Amurka. A cikin sababbin bayanai 124 da likitocin suka yi, guda 15 kacal suka tsaya suka bincika ko majinyacin ya kama. Ba kan sankara aka yi shi ba, amma halin ɗaya ne. Ga kuma gajen haƙurin sauraro: a 1984 an auna cewa likita kan katse majinyaci bayan daƙiƙa 18 da fara magana, wani binciken na 2018 ya samu daƙiƙa 11. Wanda bai bar mutum ya kai aya ba, da wuya ya san abin da ke kansa.

Sai a haɗa da mantuwa. Wani nazari na 2003 ya ƙiyasta cewa majinyata na mance kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na abin da aka faɗa musu nan take, kuma tsoro na ƙara wa abin muni.

Akwai hanyar da ta fi kallon fuska?

Akwai, kuma ba ta buƙatar kayan aiki. A bar tambayar da amsarta e ce ko a'a, a roƙi macen ta mayar da bayanin da bakinta. Ƙwararren likita yakan ɗora nauyin a kansa don kada abin ya zama jarrabawa. Zai ce: "Malama, na yi magana da yawa, ina so in tabbata ban bar wani abu a dunƙule ba. In kin koma gida aka tambaye ki me likita ya ce, me za ki faɗa?" Idan ta ce, "Kun ce ba komai," alhali abin da ya faɗa shi ne hoton bai fito sosai ba sai an sake, nan take ya ga inda maganar ta karkace. Sai ya sake bayani da wasu kalmomin, ba ya maimaita na farko da ƙarfin murya ba, sannan ya sake neman ta mayar.

Akwai kuma tambaya kafin bayani. Tsarin isar da labari mara daɗi da Walter Baile da Robert Buckman da abokansu suka wallafa a shekarar 2000, wanda ake koyarwa a makarantun likitanci da dama, ya sa wannan tun da wuri: kafin ka faɗa mata komai, ji abin da ta riga ta sani. "Me aka gaya miki game da dalilin wannan gwajin?" "Ke me kike zaton wannan ƙullutun?" Amsar kan fito da abin da ke ƙasa. Wata za ta ce ɗanta ne ya buge ta a wurin. Wata za ta ce yayarta da haka ta fara, kuma ba ta kai shekara ba. Waɗannan mata biyu ba bayani ɗaya suke buƙata ba, ko da hotunansu sun zo iri ɗaya.

A ganina wannan hanya likitan take aunawa kafin majinyaciya. Idan mata biyar a jere suka kasa mayar da bayaninsa, matsalar ba a kawunansu take ba.

Wace irin fahimta ake nema? Sai na haddace sunayen cututtuka?

A'a. Abin da likita ke so ya ji daga bakinki bai da yawa: me ake zargi, me gwajin zai iya nunawa da abin da ba zai iya ba, mene ne mataki na gaba da ranarsa, da kuma alamar da in kin gani za ki dawo ba tare da jiran ranar da aka ba ki ba. Alamomin su ne ƙullutu ko kauri a mama ko a hammata, lotsawar fata ko ta yi gurzu-gurzu kamar bawon lemo, kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, fitar ruwa musamman mai jini, ko mama ɗaya ya sauya girma ko siffa. Wurin da likitoci suka fi kasa kunne shi ne batun zafi. Mata da yawa suna ɗauka cewa abin da ba ya ciwo ba shi da haɗari, alhali ƙullutun sankara galibi ba ya ciwo a farkonsa. Gefe guda kuma, mafi yawan ƙullutun da ake samu a mama ba sankara ba ne. Kama da wane ba ta wane ba ce, sai gwaji ya raba.

Mene ne bambancin gwajin tantancewa da gwajin gano cuta? Na ji likitoci na nanata shi.

Suna nanatawa ne domin nan aka fi samun ruɗani, kuma ruɗanin na iya cin rai. Gwajin tantancewa na matan da ba su da wata alama ne, lafiyarsu ƙalau, ana kiransu saboda shekarunsu kawai a ɗauki hoton mamogiram, wato hoton cikin mama da na'ura. A Ingila ana gayyatar mata daga shekara 50 zuwa 71 duk bayan shekara uku, shirin da aka fara a 1988. A Amurka kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi ya ce a 2024 a fara daga shekara 40 zuwa 74, duk bayan shekara biyu. Kafin nan shawararsa ta gama-gari daga 50 take farawa.

Gwajin gano cuta kuwa na wadda ta riga ta ga alama ne. Ba ruwansa da shekaru, ba ruwansa da jadawali. Likita zai duba da hannu, a yi mamogiram ko sikanin ko duka biyun, in akwai buƙata a ɗebo ɗan nama da allura a duba a ɗakin gwaji. Macen da ta ji ƙullutu yau ta ce za ta jira gayyatar baɗi, ko ta ce ai shekarunta ba su kai ba, ta gauraya biyun. Haka wadda ta ce hotonta na wata shida da suka wuce ya fito lafiya, saboda haka wannan sabon ƙullutun ba komai ba ne. Mamogiram ba ya ganin komai da komai, musamman a maman da tsokarsa ke da kauri, domin tsokar da ƙarin duka fari suke fitowa a hoto. Kusan rabin matan da suka haura 40 haka mamansu yake. Saboda wannan ne tun Satumban 2024 dokar Amurka ta tilasta a rubuta wa kowace mace a sakamakonta ko tsokar mamanta mai kauri ce.

An kira ni in koma a sake hoto. Ke nan an ga sankara?

Mafi yawan lokuta a'a. A tsarin BI-RADS da masu karanta hoto ke amfani da shi, sakamako na tafiya daga 0 zuwa 6, kuma 0 na nufin hoton bai wadatar ba, ana son ƙari. A Amurka, kusan rabin matan da ke yin hoto kowace shekara har shekara goma za a kira su aƙalla sau ɗaya kan abin da daga baya za a ga ba sankara ba ne.

A nan ne labarin ke juyowa kan likitocin kansu. Masanin halayyar ɗan Adam ɗan Jamus, Gerd Gigerenzer, ya ba likitocin mata 160 wannan lissafi: a cikin mata, kashi 1 cikin ɗari na da cutar. Idan mace na da ita, hoto zai nuna kashi 90 cikin ɗari na lokuta. Idan ba ta da ita, hoto zai yi kuskuren nunawa kashi 9 cikin ɗari. To ga mace hotonta ya nuna wani abu, mene ne yiwuwar tana da sankara? Kashi 21 cikin ɗari ne kawai suka ba da amsa daidai. Da yawansu sun ce tara cikin goma, ko kusa da haka.

Amsar ita ce kusan ɗaya cikin goma, kuma ga yadda take fitowa idan aka ƙirga mutane maimakon kaso. A ɗauki mata 1,000. Goma na da cutar, hoto zai kama tara daga cikinsu. Sauran 990 lafiyarsu lau, amma hoto zai yi wa kimanin 89 ƙararrawar ƙarya. Waɗanda aka kira ke nan 98, masu cutar a ciki tara. Da aka koya wa likitocin ƙirga ta wannan hanya, mafi yawansu suka gano amsar. Laifi tudu ne. Likitan da ke ƙorafin majinyata ba sa gane alƙaluma, ya kamata ya fara gwada kansa da wannan lissafi, domin in shi ya ɗauka tara cikin goma ne, fargabar da zai saka wa matar da ke gabansa ba ƙarama ba ce.

Ana cewa gwajin tantancewa na rage mutuwa da kashi 20 cikin ɗari. Me wannan ke nufi, kuma me ya sa ake tambayata yadda na fahimce shi?

Domin kusan kowa na fassara shi ba daidai ba. Mutum zai ji kamar a cikin mata ɗari an ceci ashirin. Ba haka ba ne. Kashi 20 ɗin daga cikin waɗanda da cutar za ta kashe ake cire shi, ba daga dukkan waɗanda aka gwada ba. Kwamitin da Michael Marmot ya jagoranta a Birtaniya a 2012 ya zuba shi a lambobi: idan aka gayyaci mata 10,000 'yan shekara 50 gwaji na tsawon shekara 20, za a hana mutuwar kimanin 43. A cikin matan nan kuma kimanin 129 za a gano musu sankarar da, da ba a neme ta ba, ba za ta taɓa damunsu ba har ƙarshen rayuwarsu. Kusan uku ke nan a kan kowace rai ɗaya da aka ceta. Matsalar ita ce ba a iya bambance wacce ce wacce a lokacin da aka gano, saboda haka duka ake yi wa jinya.

Wannan batu yana da wuyar shiga kai, har ga ma'aikatan lafiya, domin ya saɓa wa abin da aka saba ji cewa duk abin da aka gano da wuri riba ne. Kwamitin dai ya yanke cewa amfanin shirin ya rinjayi illarsa, a ci gaba, amma a faɗa wa mata gaskiyar ɓangarorin biyu. Wani binciken da aka yi a ƙasashen Turai tara, aka wallafa a 2009, ya samu kashi 92 cikin ɗari na mata ko dai sun kambama amfanin gwajin ninki goma ko fiye, ko kuma ba su san amsar ba. Don haka likitan kirki ba ya ɗaukar zuwan mace gwaji a matsayin shaidar ta fahimta. Yakan so ya ji ta ambaci amfanin da kuma illar.

Babu ma'auni a rubuce, kamar takardar tambayoyi?

Akwai su, sai dai masu bincike sun fi likitocin asibiti amfani da su. Wani yana sa mutum ya karanta jerin kalmomin asibiti da ƙarfi. Wani, da aka tsara a Birtaniya musamman kan sankarar mama, yana tambayar alamomi nawa mace ta sani, da ko ta san haɗarin na ƙaruwa da shekaru. Akwai ma tambaya guda da ake yi a gurguje: "Yaya kike ji da cike takardun asibiti ke kaɗai?" Babban binciken da aka yi a Amurka a 2003 ya nuna kashi 12 cikin ɗari na manya ne kawai suka kai matakin ƙwarewa wajen fahimtar bayanan lafiya. Darasin da masana da yawa suka ɗauka shi ne a daina neman wa za a sauƙaƙa wa, a sauƙaƙa wa kowa.

Babu mai wannan cuta a danginmu. Me ya sa likita bai gamsu da wannan amsa ba?

Saboda ita kanta amsar alama ce ta giɓi a fahimta. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai na sankarar mama ke da nasaba da gadon ƙwayar halitta irin su BRCA1 da BRCA2, waɗanda aka gano a 1994 da 1995. Kusan rabin matan da ke kamuwa ba su da wani dalili da za a nuna, ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru. Sannan likita zai tambayi dangin uba, domin gadon na biyowa ta can kamar yadda yake biyowa ta wajen uwa, kuma mutane kan manta da gwaggo da kaka ta wajen uba. Zai tambayi sankarar ƙwan mace, ya tambayi maza ma. Kusan ɗaya cikin ɗari na masu cutar maza ne.

Na iya duba kaina da hannu. Wannan bai nuna na fahimta ba?

Ya nuna kin san jikinki, kuma abu ne mai kyau, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma wani gagarumin bincike a Shanghai da ya ƙunshi mata fiye da 260,000, aka wallafa a 2002, ya nuna koyar da duba kai a tsare bai rage mace-mace ba, sai dai ya ƙara yawan ɗibar naman da daga baya ake ganin ba cuta. A Mumbai kuwa, inda horarrun ma'aikatan lafiya ne ke dubawa da hannu, sakamakon shekara 20 da ya fito a 2021 ya nuna an riƙa gano cutar da wuri, kuma mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a matan da suka kai 50 zuwa sama. Tambayar da likita zai yi miki ke nan ba ta tsaya kan yadda kike dubawa ba. Zai ce, "In kin ji wani abu, me za ki yi, kuma cikin kwana nawa?"

Idan na ƙi amincewa da shawararsa, zai ce ban fahimta ba ne?

Wasu kan faɗa wannan ramin, su ɗauka duk wadda ta ce "to" ta gane, wadda ta ce "a'a" kuma kanta ne bai ɗauka ba. Kuskure ne ta fuska biyu. Ƙa'idar da aka sani tana duba abu huɗu: mutum ya fahimci bayanin, ya gane cewa shi abin ya shafa, ya iya auna wannan da wancan, ya iya faɗin zaɓinsa. Dokar Ingila da Wales ta 2005 ta faɗa ƙarara cewa yanke shawarar da wasu ke ganin ba ta dace ba bai isa hujjar cewa mutum ya kasa yanke wa kansa hukunci ba.

Abin da ya kamata likita ya yi shi ne ya tambayi dalili. Idan ta ce ta ƙi ɗibar nama ne don ta ji allura na watsa sankara a jiki, wannan kuskuren bayani ne da ake gyarawa, domin ɗibar nama ce kaɗai ke tabbatar da cutar da irinta, kuma jinkirta ta ne ke ba cutar lokaci. Idan ta ce tana tsoron duk wadda aka gano wa cutar sai an cire mata mama, wannan ma ba haka yake ba, da yawa ƙarin kaɗai ake cirewa a bi da gashi da hasken na'ura mai kashe ƙwayoyin cutar. Amma idan ta jero amfani da illa daidai, sannan ta zaɓi wata hanya, ta fahimta. Saɓani ne kawai tsakaninta da likita.

Idan da tafinta ko ɗan'uwa a tsakani fa?

Nan awon ya fi wuya. Ɗan'uwa kan tace magana saboda tausayi: likita ya ce sankara, shi ya ce kumburi. Likita ya yi jimla goma, a mayar da su jimla ɗaya. Gogaggen likita yakan fuskanci majinyaciyar ita kanta, ya yi gajerun jimloli, ya nemi a dawo masa da amsarta kalma da kalma. Kuma tun farko yakan tambaye ta, ita kaɗai in da hali, ko nawa take son ta sani da wanda take so a sanar. Inda akwai tafintan asibiti, shi ya fi, musamman idan wanda ya rako ta ɗanta ne ƙarami.

Ni kuma me zan iya yi daga nawa ɓangaren?

Ki riga likita. Kafin ki tashi ki ce, "Likita, bari in faɗi yadda na fahimta, in na yi kuskure ka gyara mini." Idan aka ba ki kaso, ki ce a mayar miki da shi mutane: cikin mata dubu irina, nawa? Ki rubuta tambayoyinki tun daga gida ki fara da wadda ta fi damunki, ki zo da wanda zai riƙe miki magana ko ya rubuta. Ki nemi a rubuta miki sunan gwajin da aka yi, da ranar fitowar sakamako, da wanda za ki nema idan ranar ta wuce ba ki ji komai ba. Shirun asibiti ba sakamako ba ne, takarda kan ɓace, lambar waya kan zo da kuskure. Idan an ce mako biyu kuma ya cika, ki koma ki tambaya.